Masu farautar walƙiyar da ido ba ya gani

A shekarar 1006 likitan Masar Ali bin Ridwan ya ga wani baƙon tauraro mai tsananin haske, ya rubuta labarinsa. Tauraro ne ya fashe, kuma har yau tarkacensa na bazuwa da gudun dubban kilomita cikin daƙiƙa guda.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Gulbin Rima sa'ad da aka saki ruwan madatsar Goronyo ya san goshin ruwa, yadda yake ture duk abin da ya tarar. Tarkacen nan ma yana da goshi. Furoton, wato ƙanƙanuwar ƙwaya mai cajin lantarki da ke cikin zarra, takan ƙetare goshin, ƙarfin maganaɗisu ya komo da ita, ta sake ƙetarewa. Kowane ƙetare ƙarin ƙarfi ne, har ta kusa gudun haske ta kuɓuce. Sai dai hanyarta zuwa duniyarmu karkatacciya ce, ba ta nuna inda ta fito. Hasken gama, wanda ke fita idan irin waɗannan ƙwayoyi suka yi karo da iskar gas ko haske, shi ke tahowa sambal.

Shi ake farauta a tudun Khomas na Namibiya, inda na'urorin H.E.S.S. ke aiki tun 2002: madubai huɗu masu faɗin mita 12, da babba mai mita 28. Mun gama hira mun kwanta, masu binciken da ke can kuwa suna jiran faɗuwar wata don sama ta yi duhu. Hasken gama kan bugi iska kimanin kilomita 10 a sama, ya haifar da yayyafin ƙwayoyi, su yi wata shuɗiyar walƙiya da ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Madubai su tattara ta cikin kyamara.

A tantancewa gwanintar take. Hoton gama siriri ne, a tsare. Furoton ma kan haifar da irin wannan walƙiya, amma hotonta a warwatse yake, kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba, sai a yi ta tsincewa ana zubarwa. Daga nan a ja layi bisa tsawon kowane siririn hoto. Inda layukan kyamarorin suka haɗu, daga can hasken ya fito.

Sa'o'i kusan 130 masu binciken suka tara suna duban wurin da tauraron Ali bin Ridwan ya fashe. A 2010 suka bayyana cewa gefunan tarkacen biyu masu fuskantar juna suna fitar da hasken gama.