Me Za A Ce Wa Mai Kanti? Sharhi Kan Hoton Tallan Wasannin Kati

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar wata masana'anta a Sharada da hantsi ya san yadda ake lodin kaya. Motoci sun ja layi, 'yan dako na ta kai-komo da katan-katan na alewa da biskit da omo, za a wuce da su kasuwar Singa. Ba ka jin ana kiran kaya da sunan da kamfani ya raɗa musu. Abin da za ka ji shi ne, "mai zakara ashirin, mai kifi goma." Haka abin yake a kantin unguwa: uwa ta aiki yaro ya sayo Maggi mai tauraro, maigida ya ce a kawo batir mai kan damisa. Hoton da ke jikin kwali ya zama sunan kaya. Da wannan ma'auni muke so mu auna wani abu da a ido yake nesa da Sharada, wato ɗan hoton tallan da ake liƙa wa wasannin kwamfuta na kati a kantunan intanet.

Bari mu fara da bayanin irin wasan, don mai karatun da bai saba ba. Wasan gina kunshin kati shi ne wanda za ka fara da 'yan katuna kaɗan marasa ƙarfi, kana cin nasara kana zaɓar sababbi, kana zubar da waɗanda suka zame maka nauyi, har kunshin hannunka ya zama makami. Dominion, wasan tebur da Donald Vaccarino ya fitar a 2008, shi ya kafa wannan salo. Slay the Spire na kamfanin Mega Crit, wanda ya fara fita a ƙarshen 2017 ya kammala a 2019, shi ya buɗe masa ƙofa a kwamfuta. Daga nan masu kwaikwayo suka yi ca. Daɗin irin wannan wasa yana cikin lissafi da dabara, abin da ba a iya zanawa. Nan matsalar mai zanen talla take.

Ga kuma ƙuncin wuri. A kantin Steam, inda wasanni sama da 18,000 suka fito a 2024 kaɗai, hoton da ke bayyana a jerin bincike ya daɗe yana da fiksel 231 a kwance, 87 a tsaye, kafin a ninka shi a wannan shekarar. A Google Play kuwa, inda yawancin mutanenmu masu Tecno da Infinix ke ɗauko manhaja, ana zana tambari a fiksel 512 kowane gefe, amma a fuskar waya bai fi kan babban yatsa ba. Tun watan Satumba na 2022 kamfanin Valve ya hana rubuta yabon 'yan jarida ko lambobin girma a jikin hoton, sai zane da sunan wasa. Wato ba ka da bakin yin talla. Hoton ne zai yi magana, cikin ƙiftawar ido, yana tsakiyar dubban 'yan'uwansa.

To me masu zanen ke yi da wannan ɗan fili? Mun zauna mun bi jerin irin waɗannan wasanni, abin da muka gani kusan iri ɗaya ne. Jarumi a tsakiya ya murtuke fuska, katuna biyar a baje a hannunsa kamar mafici, wuta na tashi ta baya, dodo na leƙowa daga kusurwa, suna kuma an rubuta shi da haruffa masu ƙaho da jela. A babban allo abin gwanin kyau. Da zarar ya ƙanƙance sai ya koma kamar miyar da aka zuba wa kowane irin ganye. Wannan cuta mun santa a gida. Ita ce ta fastocin finafinan Hausa na zamanin kaset da faifai, inda sai an cusa fuskar kowane ɗan wasa don kada wani ya yi fushi. Amma su masu fasta suna da hujja, domin fuskar jarumi ita ake saya. Jarumin wasan da ba wanda ya taɓa jin labarinsa, wa zai saye shi don fuskarsa?

Ba daga nesa muke jifa ba, mu ma mun faɗa ramin. Mu uku muka yi wata takwas muna haɗa ɗan wasan kati a kan fatauci: ka tashi da jakuna biyu da ɗan jari, kana tara katunan gishiri da goro da fata, kana kauce wa 'yan fashi da ƙishirwa. Da muka zo kan tambari sai muka zuba komai: madugu da rawani, raƙumi, ƙofar gari, katuna a baje, rana na faɗuwa. Muka kai wa wani dattijo da ya shekara da shekaru yana buga leda da kwalin kaya a Sharada, don ya fitar mana da 'yan takardun talla. Ya karɓi wayar, ya miƙa hannu nesa da fuskarsa, ya ɗan runtse ido, ya ce, "Injiniya, in na aiki jikana, me zai ce wa mai kanti ya ba shi?" Muka ce, "Baba, ai sunan na nan a rubuce." Ya ce, "Ban tambaye ku suna ba, samari. Mai mene ne?" Muka yi tsuru-tsuru. Wasanmu ba mai raƙumi ba ne, ba mai rawani ba ne, mai tarkace ne.

Tambayar dattijon nan ta fi duk wata ƙa'idar zane da muka karanta. Masu buga kwali a Sharada da Bompai da Challawa sun koyi darasin ne da kuɗinsu. Kowace kala da aka ƙara a injin bugu ƙarin kuɗi ce, don haka suka saba da kala biyu ko uku masu faɗa da juna. Kayansu za su zauna a shago mai duhu, ƙura ta hau su, mai saye kuma wataƙila bai yi boko ba. Dole siffa ta zama guda, mai kauri, wadda ko a inuwa za a gane ta. Katin Whot da muka tashi muna bugawa, wanda aka ƙirƙira a Ingila a 1935, da wannan hikima ya zauna a ƙasar nan: da'ira, alwatika, kuros, murabba'i, tauraro. Daga ɗaya gefen tabarma kana gane abin da aka yar.

A cikin wasannin zamani, wanda ya ci wannan jarrabawa shi ne Balatro, da mutum ɗaya mai laƙabin LocalThunk ya haɗa, ya fito a Fabrairun 2024, kafin shekara ta zagayo ya sayar da kwafi miliyan 5. Tambarinsa a waya fuskar joka ce kawai, wawan sarkin karta, yana murmushin da ba ka san ko da kai yake ko a kanka ba. Ba a nuna lissafi ba, ba a nuna dokoki ba, amma an gaya maka halin wasan: akwai zolaya, akwai wayo. Da a Singa ake sayar da shi, da tuni an ce "mai joka".

Sai dai labarin Balatro na ɗauke da gargaɗi da ya fi shafar mu. Babu caca da kuɗi a wasan, amma saboda kamanninsa da karta hukumar PEGI ta Turai ta mayar da shi na 'yan shekara 18, har aka ɗan janye shi daga wasu kantuna, sai a Fabrairun 2025 aka sauko da shi zuwa 12. Idan a Turai siffar karta ta jawo haka, ina ga Kano? Uban da ya ga katuna a baje a wayar ɗansa ba zai tsaya jin bayanin dabara ba, caca ya gani. Abin da mai zane a Amurka ke sa wa don a gane nau'in wasa, a nan shi ne zai sa a goge shi kafin magariba. Wanda ya kwafo hoton bai kwafo idon da zai kalle shi ba.

Za a iya cewa, in an cire katuna ta yaya masoya irin wasan za su gane nasu? Magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Amma kantin na da wurin rubuta nau'i, akwai hotunan cikin wasa da bidiyo a shafi na gaba. Aikin ɗan hoton farko ɗaya ne: ya tsayar da yatsa, ya bar abin tunawa. Kwalin alewa bai taɓa zana sukari ba.

Mun koma mun share komai, muka bar goro ɗaya ja, an ɓare shi biyu, a kan fili ruwan ƙasa. Ba mu san ko zai yi kasuwa ba, wannan na Allah ne. Amma da muka mayar wa dattijon, ya sake miƙa hannu nesa, ya runtse ido, ya ce, "Yauwa, mai goro." A wata takwas, ranar ce wasanmu ya sami suna.