Mai Kula da Hayar Tsohon Gari

A birnin San Diego na jihar Kalifoniya akwai wata tsohuwar unguwa da gwamnatin jiha ta keɓe a 1968 domin a adana kamannin garin na shekarun 1821 zuwa 1872, tun yana hannun Meziko har ya koma na Amurka. Gidajen laka ne da na katako, da fili a tsakiya. Wurin na gwamnati ne, amma ba ita ke dafa abinci ko sayar da tsaraba ba. 'Yan kasuwa take ba haya, kuma akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne kula da waɗannan yarjejeniyoyi.

Ni dai aikin nan yana burge ni. Kuɗin haya yawanci iri biyu ake rubutawa, ƙayyadadden kuɗi na shekara ko kaso daga cinikin da aka yi, a karɓi wanda ya fi yawa. Ke nan sai ma'aikacin ya iya duba littafin ciniki kamar akanta. Wannan ma mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne sharuɗɗan tarihi: allon shago, launin fenti, tufafin masu sayarwa, da irin hajar da za a baje. Ɗan haya ba ya taɓa tsohon bango sai da izini. In ma'aikacin ya sassauta, wurin ya zama kasuwa kawai. In ya matsa, ɗan kasuwa ya tattara komatsansa.

An ga haka ƙuru-ƙuru a 2005. Shagunan Bazaar del Mundo, waɗanda suka shafe fiye da shekara 30 suna jan jama'a da kayansu masu launi, suka rasa kwangila, aka ba kamfanin Delaware North, wanda ya yi alkawarin kusantar da wurin ga ainihin tarihinsa. A takarda tsarin ya yi kyau. Sai mutanen gari suka ƙaurace, ciniki ya faɗi. A 2009 kwangilar ta koma hannun wani ɗan gari mai gidajen abinci, aka sa wa wurin suna Fiesta de Reyes, kiɗa da launi suka dawo, jama'a ma suka dawo.

Gwanin wannan aiki shi ne wanda ya san ba a rubuta wa mai saye sharaɗi, don haka yake auna ra'ayin mai sayen tun kafin a sa hannu a yarjejeniya.