Harɗe Ƙafa da Natsuwa: Muhawarar Zama a Addinin Buddha

Daga Siri Lanka zuwa Japan, yawancin gumakan Buddha a harɗe aka sassaƙa su, gadon baya a miƙe. Siffar ta zauna wa mutane a rai, har wasu suka ɗauka wanda bai iya ɗora kowace ƙafa bisa cinyar ɗaya ba, bai ma fara zuzzurfan tunani ba. Su kuwa mabiya addinin sun daɗe suna ja-in-ja a kan haka.

Tsohon nassin Satipatthana na harshen Pali ya ce mai neman natsuwa ya nufi daji, ko gindin bishiya, ko ɗakin da ba kowa, ya harɗe, ya miƙar da jiki, ya sa hankali ga numfashinsa. Amma nassin nan dai ya ambaci tafiya da tsayuwa da kwanciya tare da zama, ya ce a kowanne mutum ya san halin da jikinsa yake ciki. Ananda ma, hadimin Buddha, an ruwaito cewa ya kai ga cikar wayewa ne a daren jajiberin taron farko na sufaye a Rajagaha, yana cikin kishingiɗawa, ƙafa ta bar ƙasa, kai bai taɓa matashi ba.

A ƙasar Sin aka ƙara zafafa maganar. Malam Huairang ya tarar da almajirinsa Mazu ya duƙufa da zama don ya zama Buddha, sai malamin ya ɗauki tubali yana gogawa, wai madubi zai yi. Ya ce masa, idan guga ba ta mai da tubali madubi, yaya zama kaɗai zai mai da mutum Buddha?

Dogen, wanda ya kafa ɗariƙar Soto a Japan kuma ya rasu a 1253, bai karɓi wannan fahimta ba, kuma hujjarsa ta fi ƙarfin a yi watsi da ita. A littafinsa Fukanzazengi ya tsara komai: matashi ƙarƙashin mazaunai, kunnuwa daidai da kafaɗu, hanci daidai da cibiya, harshe manne da ganɗa, idanu a buɗe. A wurinsa ba a zama don a samu wani abu daga baya. Zaman da kansa shi ne wayewar. Duk da haka ya halatta rabin harɗe, wato ƙafa ɗaya kawai bisa cinya.

A ganina nan gaskiyar take. Miƙewar baya tana korar gyangyaɗi, tana buɗe wa numfashi hanya. Gwiwoyi a ƙasa suna hana jiki tangaɗi. Waɗannan amfanoni ne na zahiri, amma ana samun mafi yawansu a kan kujera. Abin da ke damuna shi ne wanda ƙugunsa bai saki ba ya tilasta harɗe, nauyin ya koma kan gwiwa, ya ji wa kansa rauni yana zaton juriya ce. Ciwon da ke wucewa da an miƙe daban, wanda ke bin mutum har gida daban.

Akwai ma waɗanda ba su tsaya ga zama kaɗai ba. Cibiyoyin Malam Mahasi Sayadaw na Bama, wanda ya rasu a 1982, sun raba yini tsakanin zama da tafiya a hankali, mai ibada yana lura da ɗagawar ƙafa da saukarta kamar yadda yake lura da tashin ciki da faɗawarsa a zaune.