Wa'azin Ƙarshen Zamani a Ƙasar Birnin Gwari: Ɗan Sharhi

Gabatarwa

Mu ɗaliban Hausa mun saba da nazarin waƙoƙin wa'azi na malaman jihadi, masu tuna wa mutum kabari da ranar hisabi. Amma akwai wani reshen wa'azi da harshen Hausa wanda ba mu cika leƙawa ba, watau wa'azin Kiristoci a kan ƙarshen zamani da komowar Yesu Almasihu. Shi ma adabin baka ne, mai jigo da salo, saboda haka ya cancanci a ɗora shi a kan ma'auni. Zan ɗauki misali daga ƙasarmu ta Birnin Gwari, inda bala'in 'yan bindiga ya ba wannan wa'azi ƙarfi.

Asalin Muhawarar

Kiristoci sun yarda Almasihu zai dawo. Inda suka rabu shi ne sura ta 20 ta littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, mai maganar mulkin shekara dubu. Wasu suka ce sai duniya ta lalace, an sha babban tsanani, sa'an nan ya dawo ya kafa mulkin. Wasu suka ce bishara za ta gyara duniya tukuna. Na uku, ciki har da Katolika masu bin fahimtar Agustin, suka ce shekara dubun misali ce kawai. Ra'ayin farko ya fi yaɗuwa a ƙauyukanmu, domin shi ne ra'ayin yawancin Turawan mishan na SIM, wadda ta fara shigowa a 1893, kuma daga cikinta ECWA ta fito a 1954.

Jiran Annabi Isa kuwa ya riga mishan zuwa ƙasar Hausa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka Isa da sauraron dawowarsa. Wajen 1867 aka tsire shi a kasuwar Kano, mabiyansa, watau Isawa, suka watsu. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Likita Walter Miller a Zariya, aka kafa musu gari a Gimi, inda ciwon barci ya yi musu ɓarna. Ashe ke nan zancen ba baƙo ba ne a harshenmu.

Salon Wa'azin

Na sha sauraron irin wannan wa'azi, kuma dole in yaba wa masu yinsa. Mai wa'azi yakan ɗauko alamun da Matiyu ya lissafa a sura ta 24, yaƙe-yaƙe da yunwa da girgizar ƙasa, ya jera su kusa da abin da jama'a suka gani da idonsu: harin masallacin Dogon Dawa na 2012, kisan Gwaska na 2018, shekarun da hanyar Kaduna ta zama tarko, da manoman da sai sun biya 'yan daji kafin su girbe gonarsu. Yana maimaita jimla, jama'a suna amsawa, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. Matar da aka ɗauke wa miji takan fita da sanyin zuciya, don an gaya mata akwai ranar da zalunci zai ƙare. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Inda Gizo Yake Saƙa

Laifi na farko, a ganina, na karatu ne. Littafin da ake tsamo hujja daga ciki, fassarar Hausa ta 1932 ta kira shi Ru'ya ta Yohanna, ta 1979 kuma ta ce Wahayin Yahaya. Kalmar ru'ya ta fi faɗakar da mai karatu cewa abin da ke gabansa gani ne irin na mafarki, cike da siffofi: dabba mai kai bakwai, dawaki huɗu, birnin Babila. Masana da yawa sun tafi a kan cewa Babila habaici ne ga daular Rum, wadda take tsananta wa Kiristocin farko. Bahaushe ya san habaici, ya san ba a fassara shi kalma da kalma. To, mai wa'azin da ya mai da littafin habaici kalanda, yana nuna kowace dabba a cikin labaran rediyo, ya ɓata wa marubucin salonsa.

Tarihi ma bai goyi bayan masu lissafi ba. Mabiyan William Miller na Amurka, wanda ba shi da dangantaka da Likita na Zariya, sun jira ranar 22 ga Oktoba, 1844, gari ya waye musu kamar kullum. Hal Lindsey a littafinsa na 1970 ya ƙirga zamani ɗaya daga kafa Isra'ila a 1948, masu karatunsa suka zuba wa 1988 ido. Harold Camping ya yanke 21 ga Mayu, 2011. Alhali kuwa surar nan ta Matiyu da suke kafa hujja da ita, ita ce ta nuna sanin ranar na Allah ne shi kaɗai.

Laifi na biyu ya fi nauyi. In aka ce wa talaka abin da ya same shi alama ce da aka rubuta tun fil azal, an wanke masu laifi ke nan. Mai sayar da bindiga, da mai kai wa 'yan daji rahoto, da hukumar da ta yi sakaci da dajin Kamuku har ya zama mafaka, duk sun ɓuya a bayan annabci. Na ji dattijon da ya ce ina amfanin sa yaro a makaranta tun da duniya ta zo ƙarshe. Manzo Bulus kansa, a wasiƙarsa ta biyu ga Tasalonikawa, ya tsawata wa waɗanda suka ajiye aiki suka zauna. Kuma da aka yi sulhu a watan Nuwamba na 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mutane ne suka zauna suka yi shi. Ko sulhun ya ɗore ko bai ɗore ba, ya nuna wutar da hannu ya kunna hannu yana iya kashe ta.

Kammalawa

Ba na cewa a daina wa'azin komowar Almasihu, domin ginshiƙi ne na bangaskiyar masu shi, kuma Musulmi ma suna da nasu zancen alamun tashin ƙiyama, wanda yake buƙatar irin wannan awo. Roƙona ga masu wa'azi shi ne su bar wa habaici matsayinsa, su kuma haɗa sa zuciya da tambayar wa ya yi sakaci. Roƙona ga 'yan'uwana ɗalibai kuwa, mu ɗauki rikoda mu shiga majami'u mu tattara wannan adabi kamar yadda muke tattara waƙa da tatsuniya. Malamanmu kuma su ba mu damar rubuta kundi a kansa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.