Kunnen Sarki da Harshen Waziri: Shugabanci a Cikin Magana Jari Ce

An saba karanta Magana Jari Ce a makarantu kamar taskar tatsuniyoyi, a ɗauki labari ɗaya a bar saura. Wannan kuwa yana ɓoye abin da Alhaji Abubakar Imam ya gina littafi na farko a kansa tun da ya fito a 1937, watau tambayar me ke tsare mulki, kuma da me a ke jan mutum ya bi.

Ginshiƙin labarin ba Imam ya ƙago shi ba. A cikin Tutinama, littafin Farisa na ƙarni na 14, aku ne ke tsare matar ubangijinsa da labari kowane dare don kada ta fita wurin wani namiji. A can, tsuntsuwar da ta fara yi mata faɗa ƙiri-ƙiri kashe ta aka yi. Gwanintar Imam ita ce ya ɗauke al'amarin daga ɗakin aure ya kai shi fada. Wanda a ke tsarewa yanzu Musa ne, ɗan Sarki Abdurrahman, abin da za a yi hasara kuwa sarauta ce da ƙasa baki ɗaya.

Mutum uku ya jera don a gwada su. Sarki yana da dakaru da ƙarfin zuciya, amma baƙar maganar da ya mayar wa manzannin Sarkin Sinari ita ta jawo yaƙi. Waziri yana da muƙami da fasahar baki, sai dai ya ci amana, ya ƙulla makirci don Musa ya fita ya halaka. Aku ba shi da rawani, ba shi da takobi, duk da haka shi ya riƙe gidan.

Abin lura shi ne yadda ya riƙe shi. Ba ya tsawata wa Musa, ba ya kuma wulakanta marmarinsa na bin mayaƙa. Sai ya nuna kamar ya yarda, sa'an nan ya kawo misali, yaro ya zauna da kansa har gari ya waye. Ashe a wurin Imam, mai jan mutane shi ne wanda ya san halin wanda ya ke ja, ya bar masa mutuncinsa, ya sa ya ga hanyar kamar shi ya zaɓe ta. Sarki kuma bai cika shugaba ba sai ran da ya gane mai amana, ya naɗa aku waziri bai dubi asalinsa ba. Wannan ya dace da tsarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi, inda amintaccen waziri ya zo farko cikin mataimakan mai mulki guda huɗu.

Amma fa akwai inda littafin ya bar giɓi. Dabarar aku ta jinkirtarwa ce, Musa bai san abin da a ke yi da shi ba. An tsirar da shi, ba a shawo kansa da hujja ba. Harshen da ya ceci Musa, irinsa ne Waziri ya so ya kashe shi da shi, bambancinsu niyya kaɗai. Talakawa kuma, waɗanda yaƙin ya fi ci, ba a jin ta bakinsu a jigon labarin.

Saboda haka malamin da ya koyar da littafin a kan daɗin baki kawai ya ba ɗalibansa rabin darasi. Magana jari ce lalle, amma jari yana shiga hannun amintacce, yana shiga na maci amana. Aikin shugaba na farko shi ne ya rarrabe su.