Jinjina Ga Masu Haɗa Sauti

Idan ana biki a unguwar Ƙofar Sauri, ido na kan mawaƙi. Ba kasafai ake tuna wanda ya jona wayoyi, ya saita amfilifaya, ya hana lasifika kuwwa ba. Shi da masu naɗar sauti a situdiyo sun cancanci jinjina.

Misali, Mdou Moctar, mawaƙi Ba'abzine ɗan Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A 2008 aka naɗi kundinsa Anar a Sakkwato, aka sarrafa muryarsa da kwamfuta irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a Sahara har suka isa Amurka. Yau jitar Fender Stratocaster ta bahagwai yake kaɗawa. Mawaƙi Kurt Cobain ma da hagu ya riƙa kaɗa jita, kuma kaushin jitarsa a kundin Nevermind na 1991 sai da ya bi ta hannun mai haɗa sauti Butch Vig a situdiyo.

Namu gwanayen kuwa da janareta, zafi da ƙurar hunturu suke fama, amma lasifikar da ta ƙone sai su sake naɗe mata waya ta koma aiki. Allah ya ƙara basira.