Tsakanin ma'ana da alƙibla: wani karatu na L'Aventure ambiguë

0. Gabatarwa

Duk shekara in lokacin gyaran takardun jarrabawa ya zo, akwai jimla guda da muke iskewa tana dawowa daga alƙalamin ɗalibbanmu game da littafin Cheikh Hamidou Kane: wai littafin yana nuna karon al'ada da zamani. Jimlar ba ƙarya ba ce, amma ta sha hannu har ta suɗe, kuma ana iya ɗora ta bisa littattafan Afirka da dama ba tare da an buɗe ko ɗaya ba. A cikin wannan ɗan nazari muna son mu nuna cewa abin da ke damun tauraron littafin ya fi wannan zurfi: tambaya ce ta abin da mutum ya zo yi duniya, da kuma inda zai sa gabansa. Tun da aikinmu nazarin harshe ne, ta ƙofar kalmomi za mu shiga. Za mu gwada faɗin matsalar da Hausa, don sau da yawa abin da Faransanci ya dunƙule cikin kalma ɗaya, Hausa sai ta warware shi.

1. Littafin a taƙaice

An haifi marubucin a Matam, cikin Futa Toro ta ƙasar Senegal, a 1928. Littafin ya fito a Paris, gidan ɗab'i na Julliard, a 1961, ya kuma samu babbar kyautar adabi ta baƙar Afirka a 1962. Labarin Samba Jallo ne, yaro ɗan gidan sarautar Jalluɓe, almajirin wani malami mai tsanani da ake kira Cerno. Babbar ƴar'uwar sarki, wadda littafin ke kira la Grande Royale, ita ta matsa a kai yara lakwal, don su gano sirrin da ya sa Turawa suka ci ƙasar alhali gaskiya ba ta wajensu. Aka cire Samba daga gaban malam, ya yi lakwal, ya tafi Paris karatun falsafa. Can imaninsa ya yi sanyi. Mahaifinsa ya rubuta masa takarda ya kira shi gida. Ya iske Cerno ya rasu, kuma wani mahaukaci, tsohon soja da ya taɓa zuwa Turai, ya kashe shi a maƙabarta saboda zancen salla.

Duniyar littafin ta Fulanin Futa ce, kuma can ya kamata a bar ta. Amma mai karatu na Maraɗi ko Damagaram ba baƙo ba ne a cikinta: allo, tawada, bara da safe, wutar karatun dare, duk ya san su. Kuma daga wannan Futa Toro ɗin ne kakannin Toronkawa suka taso, dangin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin ƙasar Nijar ta yau.

2. Kalmar sens da rassanta uku

In Bafaranshe ya ce le sens de la vie, mu ƴan boko mukan fassara da "ma'anar rayuwa". Wannan fassarar aro ce, da wuya ka ji ta a bakin tsoho. Shi tsoho cewa yake: me ka zo yi duniya? ina ka dosa? me ka yi guzuri? Dalili shi ne kalmar sens tana ɗauke da abu uku. Na farko, abin da magana take nufi, wato ma'ana. Na biyu, wajen da ake fuskanta, wato alƙibla. Na uku, kafar da jiki ke gane abu da ita, wato ji. Fassarar da muka saba ta ɗauki na farko ta zubar da sauran biyun, alhali kuwa a kan su littafin ya ginu.

Mu dubi farkon labarin. Marubucin ya faɗi a fili cewa yaron bai san ma'anar ayar da yake maimaitawa ba. Duk da haka yana son ta, yana shan azaba dominta, yana jin ta har cikin jikinsa. Wannan yaro ba shi da ma'ana, amma yana da ji, yana da alƙibla. Ya san inda ya dosa har ba ya tsoron mutuwa: shi ne ke tunatar da masu ba shi sadaka cewa za su mutu, shi ne kuma ke zuwa ya kwanta kusa da kabarin tsohuwa Rella in ransa ya ɓaci. Daren da ya karanta Alƙur'ani da ka gaban iyayensa, kafin hanyarsa ta karkata gaba ɗaya, shi ne ƙololuwar wannan hali.

A Paris al'amarin ya juye. Samba ya zama ma'abucin ma'anoni: yana iya tattauna Sokrates da fasto Martial, ya san Pascal da Descartes. Ba a rasa masu miƙa masa dalilin rayuwa ba. Lucienne, ɗiyar faston, ta miƙa masa gwagwarmayar ƴan kwaminis. Tsoho Pierre-Louis ya miƙa masa faɗa da mulkin mallaka ta hanyar shari'a. Bai ƙaryata su ba, amma ba abin da ya ɓace masa ke nan ba. Kukan da yake yi shi ne abubuwa sun daina taɓa shi, titunan birnin fayau suke, mutuwa da ya saba da ita tun yana yaro ta koma masa baƙuwa. Wato ji ne ya dushe, alƙibla ta ɓata, a daidai lokacin da ma'ana ta yi yawa. Wanda ya karanta littafin da kalmar "ma'ana" kaɗai ba zai gane dalilin da ya sa mai ilimi kamar Samba yake cikin ƙunci ba.

3. Wane sashe na mutum ne ya kamu?

Tambaya ta biyu ita ce ta kalmar âme. Ita ma Hausa ba ta da kalma guda da za ta tsaya mata. Akwai rai, wanda in ya fita an mutu. Shi ne kuma ke ɓaci, shi ake yi wa fatan daɗewa gaban sarki. Akwai kurwa, wadda a tsohon tunanin Hausawa take yawo in mutum na barci, ita ce kuma maye ke kamawa. Masu nazarin Anna na kwarin Maraɗi, irin su Guy Nicolas, sun yi bayani a kanta. Akwai ruhi, kalmar da ta shigo daga Larabci ta bakin malamai. Akwai kuma zuciya, wadda ke raya wa mutum abu, take bushewa, take mutuwa mai ita yana tafiya da ƙafafunsa.

In muka auna ciwon Samba da waɗannan kalmomi, za mu ga ransa lafiya lau yake, yana ci yana sha yana cin jarrabawa. Ba kuma kurwarsa aka kama ba, don kamun kurwa aikin wani ne daga waje, ana iya tuhumar maye a tilasta shi ya saki. Nan ne karatun "al'ada da zamani" yake kuskure: yana mai da Turai maye, Samba kuwa wanda aka kama. Amma Samba da bakinsa ya ƙi wannan. A gidan Pierre-Louis ya bayyana cewa ba ya iya ware kansa gefe guda ya ajiye Turai gefe guda, don ta riga ta zama wani sashe nasa. Ya kuma gaya wa Adèle cewa ba da ƙarfi aka ja shi ba, son baƙaƙen boko ne ya fara kama shi. Ciwon da mutum yake da hannu a cikinsa, wanda ba ya hana shi cin tuwo amma yana hana shi natsuwa cikin salla, a Hausa ciwon zuciya ne irin wanda masu wa'azi da sufaye ke nufi. Kuma maganinsa ba a hannun kowa yake ba. Shi ya sa kiran da mahaifinsa ya yi masa bai warkar da shi ba: an dawo da jiki gida, amma ba a dawo da zuciya da takarda.

4. Tuntuɓen harshe da kuskuren kunne

Akwai wani abu cikin ginin littafin da mai nazarin harshe ba zai wuce bai tsaya ba. Labarin ya buɗe da kuskuren furuci, ya rufe da kuskuren ji. A shafin farko harshen yaro ya yi tuntuɓe cikin aya, malam ya murɗe masa kunne har jini ya fito. A wajen Cerno furuci ba tufa ba ne da ake sa wa ma'ana. Faɗin Maganar Allah daidai shi ne aikin kansa, mai faɗin kuwa ana sassaƙa shi ne har ya dace da abin da yake faɗi.

A ƙarshe kuma, ga Samba da mahaukaci a maƙabarta, rana tana faɗuwa. Mahaukacin, wanda ya ɗauke shi magajin malam, yana roƙonsa ya yi alkawarin zai yi salla. Shi kuwa Samba ya nutse cikin zance da Ubangijinsa, yana kokawa da nisan da ya shiga tsakaninsu. Sai kalmar ƙi ta kuɓuce masa a fili. Mahaukacin ya ɗauka amsarsa ce aka ba shi, ya zaro makami. A nazarin magana mun san cewa furuci ba ya cika sai an san wa ake yi wa shi. Nan furuci ɗaya ne, masu saurare biyu: in ga mahaukaci aka nufa, ƙin salla ne; in ga Allah aka nufa, yana iya zama ƙin yarda da rabuwa, wato kusan addu'a. Marubucin bai raba gardamar ba, kuma daidai ya yi.

Abin lura shi ne mahaukacin almajirin Cerno ne ta wata fuska: shi ma lafazi yake tsarewa. Bambancinsu, malam yana hukunta harshe ne don ya san zuciyar yaron, yana kuma ƙaunarta. Mahaukaci ya gaji tsananin bai gaji sanin ba. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan magariba ba wanda ya dubi fuskar Samba. Muna ganin nan ne littafin ya fi yi mana magana a yau, mu da muke zaune cikin garuruwan da ake saurin yanke wa mutum hukunci bisa kalma guda da aka ji daga bakinsa.

5. Inda littafin ya rage

Yabon da muka yi ba zai hana mu faɗin abu biyu ba. Na farko, littafin ya kusa mai da ƙasar Jalluɓe duniyar baki zalla, kamar rubutu sai da Turawa ya zo. Alhali yaron da ke gaban Cerno allo ne a hannunsa, kuma Futa ta daɗe da malamai masu rubuta Larabci da ajami. Makarantar allo matakin farko ce. Bayanta akwai karatun ilimi, inda ake fassara littattafai kalma bayan kalma, a yi fiƙihu da nahawu da tafsiri. An cire Samba kafin ya kai nan. Saboda haka gwajin da littafin ya yi bai zama na adalci ba: ya aza karatun yaro na gida a sikeli guda da karatun jami'a na Turai. Ba mu san abin da Samba zai zama ba da ya iske ma'ana a cikin gidansu.

Na biyu, kowa a littafin da Faransancin masana falsafa yake magana, har mahaukaci. Ba mu jin Fulatanci ko kaɗan a ƙarƙashin jimlolin. Wannan ya ba littafin kwarjini, amma ya mai da neman alƙibla kamar sana'ar ƴaƴan sarauta. Demba, ɗan talaka da ya gaji malam, ya sassauta lokutan karatu don yara su samu zuwa lakwal, ya ci gaba da rayuwa. Littafin ya wuce shi da sauri, alhali mafi yawanmu hanyar Demba muka bi, ba ta Samba ba.

6. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa in aka bi L'Aventure ambiguë da kalmomin Hausa, matsalar Samba Jallo tana fitowa da siffa uku: ya samu ma'ana ya rasa alƙibla da ji, ciwonsa na zuciya ne, ba kamun kurwa ba, ajalinsa kuwa ya zo ta hanyar maganar da aka ji ba a san wa aka yi wa ita ba. Babin ƙarshe, inda wata murya ke tarbarsa bayan mutuwa, ya ba shi natsuwar da ya nema, amma bai ba masu rai hanya ba. Wannan aikin ya rage gare mu.

Shawararmu ga abokan aiki masu koyar da littafin ita ce su sa ɗalibbai su fassara babi ɗaya zuwa Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, kafin su rubuta sharhi. Ɗalibin da aka tilasta wa zaɓe tsakanin rai da kurwa da zuciya ba zai iya fakewa bayan jimlar da ya hardace ba. Mu kanmu da muka bar allo muka shiga lakwal, muka ƙare da digiri cikin harshen wasu, sai da muka yi wannan gwaji muka gane cewa tambayar ba ta Samba kaɗai ba ce.